Gindin Fijo Na Ƙara? Duba Roba Kafin Ka Sayi Shokazoba

Direba zai shigo gareji ya ce gindin motarsa na ƙara, kafin ya rufe baki an ce masa shokazoba ce ta mutu. Sai ya sayo sabuwa a ɗaura, ya biya kuɗin aiki, ya kama hanyar Kibiya. Bai yi nisa ba ƙarar ta dawo kamar ba a taɓa komai ba. Shokazoba tana mutuwa, wannan ba abin musu ba ne. Amma a tsohuwar mota, sau da yawa mai laifin wata 'yar roba ce da ba ta kai dunƙulen hannu ba, wadda makanikai ke kira bushin. Ita ce ke zaune a duk mahaɗar da ƙarfen ƙafa ya haɗu da jikin mota, kuma ita ce aka fi mantawa da ita, domin tana can ƙasa cikin laka da ƙura inda ido bai cika kai wa ba.

Ina riƙe da Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, wadda mahaifina ya bar mana. Ni ba bakanike ba ne. Abin da na sani a kan gindinta na koya ne a bakin ramin wani dattijon bakanike a nan Rano, wanda tun zamanin mahaifina shi ke taɓa ta. Baba nake ce masa, shi kuma har gobe ɗan Malam yake kira na, duk da furfurar da ta fara fito mini.

Yaran yanzu suna ganin Fijo a matsayin motar ɗaukar buhuna da kwandunan tumatir. Ba su san asalinta ba. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma a 1969 ɗin aka fito da 'yan'uwanta biyu na gayu, mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda a 1974 aka sa musu inji mai silinda shida. A tseren Safari na Kenya, wanda ya yi suna wajen karya motoci, Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya zo na ɗaya da 504 a 1975, sannan Jean-Pierre Nicolas ya sake ci a 1978 da mai ƙofa biyun nan. Abin da ya ba ta nasara a can shi ne ya sa ta karɓu a nan: ƙafafu masu shanye gargada ba tare da mota ta bar layinta ba. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma bayan Turai ta daina yin salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba da ita har 2006. Ke nan ko autarsu ta tasam ma shekara ashirin. Ƙarfe yana iya jure wannan. Roba ba ta iyawa. Masu tara tsofaffin motocin gayu a Turai, waɗanda motarsu ke kwana a ɗaki a lulluɓe, su ma da wannan ciwon suke fama, domin roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Mu kuma a kan shekarun sai ka ƙara zafin Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu, da lakar Agusta, da lodi.

In ka riƙe sabon bushin a hannu za ka ga abu uku ne a haɗe: ƙaramin bututun ƙarfe a tsakiya, babba a waje, da roba a tsakaninsu. An dafa robar ne a jikin ƙarfen har ta manne masa. Bututun waje ana cusa shi da ƙarfi cikin idon hannun ƙafa, na ciki kuma ƙusa ce ke ratsa shi ta matse shi a jikin mota. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a irin wannan bushin babu abin da ke juyawa. Idan taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, robar ce ke murɗewa ta dawo. Duk bayanin da zai biyo baya a kan wannan ya tsaya.

Sai kuma ka san wane irin gindi motarka ke da shi, don 504 ba iri ɗaya ba ce. Akwai salun da ƙafafunta na baya kowace ke motsi ita kaɗai a kan hannunta, kamar na masu ƙofa biyu. A nan bushin hannayen da robar da ke riƙe da gadar da suke ɗaure a kai su ne manya. Akwai mai bak'aksul ɗaya miƙaƙƙe a kan sifirin mai naɗi, irin na wagon da salun da yawa, har da tawa. A wannan akwai wata sandar ƙarfe kwance a gicciye, kai ɗaya a jikin mota, ɗayan a jikin aksul, aikinta ta hana gindi zamewa hagu ko dama, kuma kowane kai da bushinsa. Sai a-kori-kura mai sifirin ganye, inda bushin ke zaune a idon ganyen gaba da baya. A kan waɗannan duka ga na kan shokazoba sama da ƙasa, ga na sitabilaiza.

Baba ba ya shiga ƙarƙashin mota sai ya gama tambayoyinsa, kuma ta farko kullum ɗaya ce: yaushe take ƙarar? Wannan tambayar ta fi kowace sifana amfani.

In ƙarar tana zuwa ne idan ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa, ko ka sa ribas ka saki kuloci, ka ji gum sau ɗaya daga ƙasa, to wani abu ne ke matsawa gaba da baya. Shokazoba ba ta da hannu a wannan. Bushin hannaye ne, ko robar gada. A 504 kuma furofela tana cikin wani dogon bututu ne da ya haɗa baya da giyabos, don haka bugun yana iya tasowa daga kujerar inji ko ta giyabos, ya bi bututun, kunnenka ya ji shi a baya. In kuwa sai a gargada take yi, ƙwas ƙwas a jere, a fara da ƙanana masu arha: robar kan shokazoba, ta sitabilaiza, da wadda ke rataye da salansa. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ya sauya murya in ka karya kwana, boris ne. Kukan da ke tashi in ka ba ta wuta ya lafa in ka saki, na cikin bak'aksul ne. Mota mai ci gaba da lilo sama da ƙasa bayan ta wuce rami, wannan kam shokazoba ce, a saya.

Alamar da ta fi tayar mini da hankali ba ta da ƙara ko kaɗan. Kana tafe a miƙaƙƙen titi, misali tsakanin Bunkure da Karfi, ka taka totur sai ka ji mota ta ɗan ja gefe, ka saki sai ta dawo ɗaya gefen. Ko tirela ta wuce ka, gindin ya yi wani yawo kafin ya natsu. Direbobi kan ce iska ce, ko su ce sitiyari ne ya yi sako-sako, a je a yi ta gyaran gaba. Alhali ƙafar baya ce ke tuƙa kanta. Bushin da ya yage yana barin taya ta karkata kaɗan a duk lokacin da ƙarfi ya hau ta, kuma karkatar da ido ba zai gani ba ta isa ta sauya wa mota hanya a gudun kilomita 100. A busasshen titi hannu yana gyarawa ba tare da ka ma sani ba. A jiƙaƙƙen titi, a kwana, da mutum bakwai a ciki, labari ne daban. Ina jin ciwo in na ga wagon cike da mata da yara tana tafiya a karkace, gaba na nan baya na can, direba kuma ya saba da ita har ya daina gani. Taya ma tana ba da shaida: shafa tafin hannunka a kanta, in gefen ciki ya cinye na waje yana nan, ko kuma ka ji zanen yana da kaifi ta ɓangare ɗaya, ƙafar ba a kan layi take gudu ba.

Kafin a kai ga rami akwai binciken da mai mota zai yi a ƙofar gidansa. Kwashe duk abin da ke but, jak da sifana da galan. Safayar 504 a ƙarƙashin but take rataye cikin kwandon ƙarfe, kuma in ya saki yana bugun da ake ɗora wa wasu laifinsa. Girgiza shi, girgiza salansa. Sannan ka tsaya a gefen mota ka tura gindinta da ƙarfi, wani yana kallon tazarar taya da jikin mota. In jikin ya matsa ya yi ƙwas taya tana tsaye, sandar gicciye ce. Ɗauki tef ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, sitiyari a miƙe, hagu da dama. Salun mita 2.74 ce, wagon 2.90. In gefe ɗaya ya bambanta da ɗaya a fili, aksul ɗin a karkace yake zaune.

Ranar da tawa ta fara wannan yawon, Baba ya hau da ita kan rami, ya ja birkin hannu, ya sa yaransa biyu su riƙa tura ta gaba da baya. Shi kuma yana ƙasa da tocila a baki, yana ɗora tafin hannu a kan mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama da waɗannan ya ce su koma gefe su tura.

"Ɗan Malam, sauko ka gani da idonka."

Na sauka. Ya haska kan sandar gicciye ta wajen jikin mota. A kallon farko robar lafiya take, baƙa, ba ta fita daga mazauninta ba.

"Baba, ai ni ban ga komai ba."

Ya lakato wani jan gari da ɗan yatsa daga gefen ƙusar ya nuna mini. "Wannan tsatsa ce da ƙarfe ya niƙa. In roba na riƙe da ƙarfenta ba za ka ga wannan ba." Ya sa doguwar liba ya ɗan danna, sai bututun ciki ya zame ya bar robar a baya, ga tsaga ta buɗe baki har ciki, ga ƙarfen yana ƙyalli inda ya daɗe yana guga. Ya kai libar ɗaya kan, wanda fuskarsa ke cike da ƙananan tsagu. Ya danna, robar ta ba da kai kaɗan ta dawo da ƙarfinta. "Wannan tsufa ne kawai a fuska, da sauransa. Amma tunda mun kwance, tare za su tafi."

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, kallo kaɗai ba ya yanke hukunci. Mai tsagun fuska yana iya zama lafiyayye, mai santsi yana iya zama matacce. Sai an danna. Kuma a lura da wanda ya kumbura ya yi laushi yana maiƙo, wannan mai ne ya ci shi. Ko dai bak'aksul ko shokazoba na yoyo a kansa, ko kuma mu ne muka zuba masa da hannunmu. Al'adar nan ta fesa wa ƙasan mota baƙin mai da gas a wurin wanki, wai don maganin tsatsa da ƙiƙi-ƙiƙi, tana kashe roba. Ƙarar takan ɗauke na 'yan kwanaki, mai mota ya yi murna, robar kuwa ta fara narkewa. In yoyo ne, a toshe shi tukuna, in ba haka ba sabon ma hanyar tsohon zai bi.

Wajen cirewa, gaggawa ce ke ɓata aiki. Wasu wuta suke sa wa hannun su ƙone robar. Hayaƙin guba ne, zafin kuma yana iya raunana ƙarfen da rayuka ke kansa. Hanya mai kyau ita ce a tura shi da matsi, ko da doguwar ƙusa da noti da gutsuren bututu, in ya ƙi a zura zarto a yanka bututun waje a hankali har ya saki. Wajen cusa sabo, ruwan sabulu ake shafa wa roba, ba giris ba. In bushin yana da ramuka a jikin robarsa, da gangan aka yi su don ya yi laushi ta wata fuska ya yi tauri ta wata, saboda haka a yi alamar yadda tsohon ya zauna kafin a fitar da shi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai, kuma sifirin mai naɗi a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu in aka saki aksul ba tare da an tallafe shi ba.

Yanzu ga wurin da nake ganin an fi asarar kuɗi a garejinmu. Mota tana sama, ƙafafu na reto, an sa sabon bushin, yaro ya ɗauki sifana ya ɗaure noti tamau, sannan aka sauke ta. Kowa ya ga aiki ya yi kyau. Amma ka tuna robar ba ta juyawa. An kulle bututun ciki ne a lokacin da hannun ke can ƙasa, da nauyin mota ya sauka hannun ya tashi zuwa mazauninsa, robar ta murɗe, kuma a murɗen za ta zauna dare da rana kamar wankin da aka matse ba a sake shi ba. Kowane rami ƙari ne a kan murɗar da take ciki. Bushin da ya kamata ya yi shekaru sai ya yage cikin 'yan watanni, a ce jabu aka sayo.

Na ga Baba ya koya wa wani sabon yaronsa wannan ba da faɗa ba. Ya bar shi ya ɗaure a sama, sannan ya ja layi da alli daga bututun ciki ya ratsa roba zuwa na waje. Aka sauke mota, ya ce yaron ya leƙa. Layin ya lanƙwashe. Ya ce ya sassauta notin. Aka ji robar ta yi 'yar ƙara ta koma daidai, layin kan robar ya miƙe. "To yanzu ɗaure," in ji shi. Dokar ke nan: a sa ƙusa da noti a sake, a sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, a ɗan jijjiga ta, sannan a yi ɗaurin ƙarshe a kan rami. Mai mota yana da haƙƙin ya tsaya ya ga an yi haka, kuma bakanike na kirki ba zai ji haushi ba. Wannan dokar ta shafi duk wanda ya ɗaga gindin motarsa don lodi, ko da ƙarin ganye ko da cusa roba a sifirin: tsayi ya sauya, sai a sassauta bushin a sake ɗaure su a sabon tsayin. Motar da kullum ke ɗauke da buhunan shinkafa daga Kura ko masara daga ƙauyukan Kibiya, gara a ɗaure nata da ɗan kaya a ciki.

Sai maganar me za a saya. A Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano ana samun na 504 har yanzu, masu kyau da marasa kyau a shago ɗaya. Ka tafi da tsohon a hannunka, a gwada faɗin waje da faɗin ramin ƙusa da tsawon bututun ciki, don bambanci kaɗan ya isa ya hana shi zama. Danna robar da farce: wadda ta yi tauri kamar robar bokiti ba za ta murɗu ba, wadda ta bar maka baƙi a yatsa ko take ɓallewa daga ƙarfe tun a shago ka ajiye ta. Hannu na Baljiyam da bushinsa a jiki ba riba ba ce kai tsaye, domin robar da ke ciki ta yi shekarunta a can kafin ta hau jirgi. Har sabo fil da ya daɗe a kan kanta yana shan rana yana iya bushewa.

Masu yanka bushin daga tsohuwar tayar tirela kuwa, ba na raina sana'arsu. Sun fitar da direbobi da yawa daga daji, kuma a kan shokazoba ko sitabilaiza ko ratayen salansa aikinsu yana yi, wani lokacin ma ya fi na kanti daɗewa. Amma a hannun ƙafa da sandar gicciye ban yarda da shi ba sai dai na kai-ni-gida. Ba a manne yake da ƙarfe ba, saboda haka juyawa yake yi, yashi ya shiga tsakani ya riƙa cin ƙusa yana faɗaɗa idon hannun. Ranar da ka tashi sa na gaskiya sai ka tarar idon ya yi masa yawa, ka koma neman hannu sukutum.

Akwai kuma masu launin ja ko rawaya na foliyuritan, waɗanda masu motocin tsere a Turai da Amurka ke so don suna ƙara wa mota kamewa a kwana, kuma mai ba ya cin su kamar roba. Su juyawa suke yi a kan bututunsu, suna buƙatar girisinsu na musamman, kuma sun fi roba tauri. A santsin titin tsere wannan alheri ne. A burjin hanyar gona kuwa duk bugun da roba za ta shanye sai ya wuce zuwa jikin motar da ya riga ya tsufa, ƙura kuma ta haɗu da girisin ta zama abin gogewa. Ni dai ban sa wa tawa ba.

Wani lokaci za a sauya komai ƙarar ba ta tafi ba. A nan sai a kankare laka a duba inda ƙarfen ke ɗaure a jikin mota, musamman kunnen da sandar gicciye ke kamawa da saman shokazoba. Shekarun lodi da ruwan damina suna tsaga wurin, ko ramin ƙusa ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwai. Wannan aikin mai walda ne, a ƙara faranti a sake huda rami daidai inda yake, ba a cika shi da narkakken ƙarfe a wuce ba. Bayan an gama a kai ta a duba saitin ƙafafu huɗun, a koma rami bayan mako guda a sake taɓa notocin. Tayar da ta riga ta cinye a gefe ɗaya kuma ba ta warkewa don an sa sabon bushin. Za ta ci gaba da gurnani da jan mota, sai an sauya ta kafin a iya sanin ko gyaran ya kama.